Rahoton Ayyukan Shekara Kan Awon Gurɓatattun Sinadarai a Lakar Gaɓar Teku

Ya ku mambobi masu girma,

Bana tsafta ce ta cinye mafi yawan ƙarfinmu. Abin da muke farauta a cikin laka, irin su PCB (sinadarin masana'antu mai guba) da DDT (maganin kashe ƙwari) da zaiba, sau da yawa bai wuce 'yan nanogiram a kowane giram ba, kuma nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. A irin wannan awo, ƙurar ɗakin gwaji ko hayaƙin jirgin da ya kai mu wurin ɗiba ya isa ya ɓata komai.

Mun kuwa ji a jikinmu. A fitar farko, kwalaben da muke tafiya da su fanko don su zama shaida ko wani datti ya shiga a hanya sun dawo da burbushin mai, dole muka zubar da samfuran muka sake ɗiba. Daga nan kwamitin gwaji ya kafa ƙa'ida: samfurin PCB da DDT sai a kwalbar gilashi da aka gasa a zafin digiri 450 na ma'aunin Celsius, na ƙarafa kuma a robar da aka wanke da asid.

Horon da aka yi wa sababbin mambobi ya fi tsayawa kan tace laka da rariya mai ramin maikromita 63 (maikromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita). Lallausan taɓo ne ke riƙe guba, yashi ba ya riƙe abin kirki, don haka wanda ya kwatanta wurare biyu bai duba wannan ba, yawan yashi kawai ya auna.

Mun kuma auna kanmu da samfuran tabbaci, wato waɗanda aka riga aka san yawan sinadaran da ke cikinsu, na ɗakunan gwajin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya (IAEA) da ke Monako. Ƙarafa sun fito daidai a na'urar awonsu ta ICP-MS. PCB ne har yanzu ke tangal-tangal, kuma muna zargin matakin tsamo sinadarin daga laka, ba na'urar GC-MS da ke auna shi ba.

An yi doguwar muhawara kan kalmar "babu". Wasu na son a riƙa rubuta ta a sakamako idan na'ura ba ta gano sinadari ba, don sauƙin mai karatu, amma taro ya tsaya kan "ƙasa da iyakar ganowa", tare da bayyana iyakar, wato mafi ƙarancin adadin da na'ura ke iya ganowa.

Baɗi za mu koma kan TBT, sinadarin fentin jiragen ruwa da aka haramta tun 2008 amma yake nan kwance a lakar tasoshin jiragen ruwa. Mai sha'awar shiga tawagar ɗiba ya ba sakatare sunansa kafin taro na gaba.