Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni batun Knicks da neman koci

Assalamu alaikum ƙanena,

Ka kira a shirin wasanni na rediyo ka jefo mini tambaya, lokaci ya ƙure ban ba ka amsa mai gamsarwa ba. Tambayar taka ita ce: wane irin hankali ne ƙungiyar ƙwallon kwando ta New York Knicks za ta kori kocin da ya kai ta inda ba ta taka ba shekara 25, ta yi wata guda tana bulayi, daga ƙarshe ta ɗauko Mike Brown, mutumin da aka kora sau huɗu? Ga amsar a rubuce, don masu irin tambayarka su ma su gani.

Ni ban ga laifin korar kocin, Tom Thibodeau, ba. Yadda aka nemi magajinsa ne ya ba ni kunya.

Hakkin mutumin dai sai a ba shi. Ya karɓi Knicks a 2020 tana abin dariya, a kaka biyar ya kai ta wasannin fitar da gwani sau huɗu. A kakar 2024-25 ya ci wasa 51 cikin 82, ya fitar da Detroit, ya fitar da Boston mai riƙe da kofi, ya isa wasan ƙarshe na yankin Gabas, wanda rabon Knicks da shi tun 2000. Indiana Pacers ta kayar da su 4-2 ranar 31 ga Mayu, ranar 3 ga Yuni aka sallame shi. Kwana uku kacal.

To amma mu da muke hana idonmu barci, domin wasan ƙarfe takwas na dare a New York ƙarfe ɗaya ne a nan, mun ga abin da alƙaluma ba sa nunawa. Thibodeau mutum biyar ya yarda da su, ko shida in ya yi sassauci. Josh Hart ya fi kowa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yawan mintuna a kowane wasa, Mikal Bridges ya fi kowa jimillar mintuna a kakar, har sai da Bridges, wanda ba a san shi da ƙorafi ba, ya fito a watan Maris ya ce ya kamata a riƙa ba 'yan benci dama. Bencin Knicks shi ne na ƙarshe wajen cin maki a duk gasar. Ka tuna wasan farko da Indiana a Madison Square Garden, filin Knicks? Saura ƙasa da minti uku, Knicks na gaba da maki 14. Aaron Nesmith na Indiana ya dinga zuba jifa mai maki uku kamar an aiko shi, sannan Tyrese Haliburton ya yi wannan jifar da ta daki bayan ƙarfe, ta tashi sama, ta faɗo cikin raga. Aka tafi ƙarin lokaci, Indiana ta ci 138-135. Sai da aka ci su wasa biyu a gida kafin Thibodeau ya sauya 'yan farko, ya sa Mitchell Robinson, ya kuma tuna cewa yana da Delon Wright da Landry Shamet a benci. Sun yi amfani kuwa, sai dai a makare.

Ga kuma abin da aka kashe. Leon Rose, shugaban ƙungiyar, ya ba Brooklyn zaɓin zagayen farko, wato damar ɗaukar sababbin 'yan wasa masu shigowa NBA, har guda biyar don ya samu Bridges, ya ba Minnesota Julius Randle da Donte DiVincenzo don ya samu Karl-Anthony Towns. Wanda ya yi irin wannan cinikin ba zuwa kusa da kofi yake nema ba, kofin yake nema, wanda a lokacin Knicks ba ta ɗaga ba tun 1973.

Kuma korar koci yana kan ganiyarsa ba a kan Thibodeau aka fara ba. Golden State ta kori Mark Jackson a 2014 bayan ya ci wasa 51, ta kawo Steve Kerr, ta ɗauki kofi a 2015. Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, wanda ya tashi a Zariya, ya kori Dwane Casey daga Toronto a 2018 bayan wasa 59 da ya ci, a shekarar da aka ba Casey kyautar gwarzon koci. Duniya ta yi ca a kansa. Ya ɗaga mataimakin Casey, Nick Nurse, ya kawo Kawhi Leonard, kofi ya zo Toronto a 2019. Sai dai ka lura, Ujiri yana da mutuminsa a cikin gida, ya yi shekaru yana kallon aikinsa.

Knicks fa? Suka kori mutum, sannan suka fara tunanin wa za su ɗauka. Suka nemi izinin Dallas su yi magana da Jason Kidd, aka ce a'a. Suka je Houston neman Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne kuma shi kansa ya buga wa D'Tigers, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Nijeriya, aka ce a'a. Minnesota ta hana Chris Finch, Atlanta ta hana Quin Snyder, Chicago ta hana Billy Donovan. Gida biyar, duk masu kwantiragi. Abin ya zama kamar mutum ya sha babbar riga ya ɗauki goro, ya riƙa bin gidajen matan aure yana neman izinin mazajensu. Ƙa'idar NBA ta ce in koci na da kwantiragi sai ƙungiyarsa ta yarda kafin a tunkare shi, kuma akan daidaita wani lokaci: a 2013 Clippers ta ba Boston zaɓin zagayen farko ta karɓi Doc Rivers, a 2014 Milwaukee ta ba Brooklyn zaɓi biyu na zagaye na biyu ta karɓi shi Kidd ɗin. Amma irin wannan ana gama shi ne ta ƙarƙashin ƙasa, sai magana ta nuna kafin a ji ta a jarida. Na Kidd kaɗai nake iya yi wa uzuri, tunda a Knicks ya rufe wasansa a 2013, kuma ya horar da tauraron Knicks Jalen Brunson a Dallas. Sauran huɗun ban san abin da aka yi tsammani ba. Wanda ya ci riba shi ne Udoka, domin ba a jima ba Houston ta ƙara masa kwantiragi.

Illar ba kunya kaɗai ba ce. Duk wanda aka ɗauka bayan wannan yawon, shi da 'yan wasansa da 'yan jaridar New York, waɗanda ba su da ragowa, sun san ba shi aka fara nema ba. Ranar da aka yi rashin nasara uku a jere, da wannan za a fara yi masa gori.

Sai da ƙofofi suka rufe aka yi abin da ya kamata a yi tun farko, aka zauna da waɗanda ba su da aiki ko suke mataimaka: Taylor Jenkins da Memphis ta sallama, James Borrego, Micah Nori, da Mike Brown. A farkon Yulin 2025 aka ba Brown.

Yanzu ga sau huɗun da ka ƙirga, kuma lissafinka daidai ne: Cleveland a 2010, Lakers a 2012 bayan wasa biyar kacal da fara kaka, Cleveland kuma a 2014, sai Sacramento a Disambar 2024. Amma a NBA kora ba ta cika zama shaida ba, tunda Frank Vogel da Mike Budenholzer da Nick Nurse da Michael Malone duk sun ɗauki kofi, duk kuma ƙungiyoyin da suka ɗaukar wa sun kore su. Abin dubawa shi ne ko mutum na sauyawa. Brown na Cleveland, wanda ya kai LeBron James wasan ƙarshe a 2007, kocin tsaron gida ne, harinsa kuwa a miƙa wa LeBron a koma gefe. Ya je ya zauna shekara shida a ƙarƙashin Kerr a Golden State, ya fito wani mutum daban. A kakarsa ta farko a Sacramento, ƙungiyar da ta yi kaka 16 ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba ta ci wasa 48, ta fi kowa cin maki, aka ba shi gwarzon koci karo na biyu ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba.

Mu kuma mun san shi a gida. Shi ne kocin D'Tigers ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, lokacin da Nijeriya ta doke Amurka 90-87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka. Ka tuna a gasar Olympics ta Landan a 2012 Amurka ta yi mana 156-73. A daren Las Vegas jifa mai maki uku guda 20 yaranmu suka zuba, Gabe Vincent na kan gaba, kuma Brown ya yi ta juya 'yan wasa, wannan ya fita wancan ya shiga, babu wanda aka bari ya galabaita. Ba zan ɓoye maka sauran labarin ba: da aka je gasar Olympics ta Tokyo, Ostareliya da Jamus da Italiya duk sun ci mu, muka dawo ba nasara ko ɗaya. Magoya bayan Sacramento ma za su gaya maka cewa Golden State ta fitar da su a zagayen farko a 2023, kuma ba su sake komawa ba a zamaninsa. Saboda haka ban ce maka an samo mai kawo kofi ba. Na ce an samo mutumin da ƙarfinsa ya faɗo daidai inda Thibodeau ke da rauni, wato gudu da raba ƙwallo da amfani da mutum tara ko goma. An yi dace, ba dabara ba.

Matsayin da aka ɗora shi a kai ma ba na hutu ba ne. Thibodeau da ya gada ya kai wasan ƙarshe na Gabas aka kore shi, ke nan in Brown ya tsaya a nan bai yi komai ba. Lokacin da aka ɗauke shi hanya ta ɗan buɗe, domin Jayson Tatum na Boston da Haliburton na Indiana duk jijiyar dunduniyarsu ta tsinke a 2025, suka shiga doguwar jinya. An ƙaro masa Jordan Clarkson da Guerschon Yabusele a benci. Ka duba jerin masu yawan mintuna a NBA na watan Janairun 2026. In har ka ga Hart da Bridges da OG Anunoby suna nan a sama kamar a kakar 2024-25, to an biya Thibodeau ragowar kwantiraginsa na shekara uku a banza.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka.