Tsinken ashana ɗaya ya tona mini asiri a taron marubuta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in ba 'yan'uwana marubuta labarin wani taron kwana uku da na halarta ta intanet, na masu rubuta ƙagaggun labaran tarihi. Da korona ta hana cunkoso a 2020, da yawa daga irin waɗannan taruka sun koma manhajar Zoom. Ko ƙungiyar Historical Novel Society, wadda aka kafa a Ingila a 1997, ta intanet ta yi taronta na 2021. Wanda biza da kuɗin jirgi suka hana leƙawa a da, yanzu data kawai yake nema, sai kuma juriyar barci, don wani zaman ƙarfe biyun dare ya same ni.

Jawaban manyan baƙi, gaskiya, ba su ɗaɗa ni da ƙasa ba. Rana ta biyu ce na ji a jikina, da aka kasa mu shida-shida, kowa ya karanta shafi ɗaya daga aikinsa. Labarina a 1790 na ajiye shi. Na karanta inda jarumata ta ƙyasta ashana ta kunna fitila, ina ta jin kaina. Sai wata dattijuwa, kyanwarta na gilmawa gaban kyamara, ta buɗe makirufo ta tambaye ni cikin ladabi inda yarinyar ta samo ashana. Ashe sai a 1826 John Walker, wani mai haɗa magunguna a Ingila, ya ƙirƙiro ashanar ƙyastawa. Na riga shi da shekara 36! Na so in ce intanet ɗina ta yanke.

Shekara biyu ina bin diddigin sunayen sarakuna da ranakun yaƙi, ban taɓa tambayar kaina yadda ake hura wuta ba. Abin da ya sanyaya mini rai, na bayana ma bai tsira ba: ya sa wa wata wasiƙar Landan kwanan wata 8 ga Satumba 1752, ranar da ba a yi ta ba a can, domin da Birtaniya ta sauya kalanda, daga 2 ga wata sai 14.

Na koma na gyara shafin. Yanzu da ƙyastu da ƙanƙara take fama cikin duhu, hannunta na rawa, tartsatsin ya ƙi kamawa, ga wani yana ta buga ƙofa. Layi ɗaya ya zama rabin shafi, kuma nan ne wurin da na fi so a littafin.

Naka,
Mai karanta ku kullum