Rahoton Ayyukan Shekara: Ɗalibanmu da Birnin Alƙahira

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa mambobi maza da mata.

Kwamitin gudanarwa na gabatar muku da abin da aka yi a shekarar karatu da ta ƙare a shirinmu na sanin gari. Tun farkon shekara muka tsayar da magana cewa za a fara da koya wa sabon ɗalibi yadda ake rayuwa a Alƙahira kafin a kai shi kallon dalar Giza, domin wanda bai iya hawa mota shi kaɗai ya dawo gida ba, ba zai amfana da tarihin gari ba komai yawan bayanin da aka yi masa.

Tarbar sababbin zuwa

Nan ne mafi yawan ƙarfinmu ya tafi. An haɗa kowane sabon ɗalibi da wani tsoho da ke unguwa ɗaya da shi, ko a Madinatul Bu'us ko a Madinat Nasr, ya riƙa yi masa rakiya har ya gane hanya. Darasin farko shi ne metiro, jirgin ƙasa na cikin gari. Layi na 3 ya ratsa Abbasiyya da Babus Sha'ariyya da Ataba. A Ataba ake sauya zuwa layi na 2, a tashar Nasser kuma zuwa layi na 1, wanda ke kaiwa Sadat a dandalin Tahrir da Mar Girgis a tsohon gari. Tikitin da aka shiga da shi da shi ake fita, don haka ba a jefar da shi. 'Yan'uwa mata an nuna musu taragun mata da ke tsakiyar jirgi da alamar da ke nuna inda suke tsayawa a dandamali.

Ƙananan bas sun fi wuya, don babu abin da aka rubuta a jikinsu, direba ne ke kiran sunan unguwa, kuɗi kuma hannu da hannu ake miƙa shi daga baya zuwa gaba. Mai son sauka sai ya ce "ala gamb ya usɗa", wato "tsaya a gefe, direba". Wannan ya sa muka buɗe ajin ammiyya, wato Larabcin gargajiya na Masar, na mako-mako. Ɗalibin da ya zo da Larabcin littafi zalla yakan ruɗe a kasuwa, inda ƙaf ke komawa hamza, jim ya koma "g". Ajin ya yi armashi da farko, sai halarta ta ragu da jarrabawa ta matso, saboda mun sa shi a daren da mutane ke bita.

Kan iƙama, wato izinin zama a ƙasa, an tunatar da kowa cewa tun 2019 ofishin fasfo ya bar Mujamma'a ta Tahrir ya koma Abbasiyya. Abin da ya fi mayar da mutane gida shi ne rashin kwafin shafukan fasfo da takardar shaidar karatu da wa'adinta ya wuce. Kan haya kuwa, shawararmu ba ta canza ba: kada a ba simsar, wato dillalin gida, ko kuɗin ta'amin, wato kuɗin ajiya na jingina, sai an karanta yarjejeniya a rubuce, an kuma ɗauki hoton mitar wuta da ta gas ranar shiga.

Ziyarce-ziyarcen tarihi

Ziyarar da ta fi samun karɓuwa ita ce tattakin titin Mu'izz. An sauka a Babus Sha'ariyya, aka taka zuwa Babul Futuh, ƙofar da aka gina a 1087, aka bi titin zuwa kudu har Bab Zuwaila ta 1092. Tsawon hanyar bai fi kilomita ɗaya da ɗan wani abu ba, amma tana cin rabin yini. An fi daɗewa a ginin Sarki Ƙalawun na 1284 zuwa 1285, mai haɗe da makaranta da hubbare da asibiti, kuma ɗaliban likitanci su suka yi wa sauran bayanin asibitin. Daga kasuwar Khanul Khalili aka tsallaka zuwa masallacin Azhar, wanda Jauharus Siƙilli ya fara ginawa a 970, shekara ɗaya bayan kafa birnin, aka buɗe shi a 972.

A Azhar muka tsaya kan abin da ya shafe mu kai tsaye. A da ana raba ɗaliban masallacin ne zuwa ruwaƙai, wato sassan zama da karatu, bisa ƙasashensu, kuma a cikinsu akwai ruwaƙin Barnawa da na mutanen Takrur. A ziyarar Fusɗaɗ, tsohon gari, cikin harabar masallacin Amru ɗan Asi da aka kafa a 641 zuwa 642, an karanto abin da masanin tarihi Maƙrizi ya ruwaito game da makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya, wadda alhazan Kanem suka ba da kuɗin gina ta a ƙarni na 13. An kuma ambaci ratsowar Mansa Musa ta Alƙahira a 1324 kan hanyarsa ta hajji. A ganinmu wannan ɓangaren ya cancanci a faɗaɗa shi, domin ɗalibi ya san cewa magabatansa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa garin nan neman ilmi, har suna kashe dukiyarsu a kai.

An haɗa masallacin Ibn Ɗulun na 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, da masallacin Sultan Hasan da Ƙal'ar Salahuddin, sansanin tsaro na kan tudu da aka fara a 1176, duk a rana ɗaya. Hakan ya yi yawa. Hawan Ƙal'a bayan azahar ya galabaitar da mutane, wasu ba su ƙarasa masallacin Muhammad Ali ba. Nan gaba za a raba su kwana biyu. An kuma ziyarci hubbaren Imamu Shafi'i da gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 na zamanin fir'aunoni a watan Afrilu na 2021.

Matsalolin da aka gani

Manyan wuraren tarihi yanzu da katin banki ake sayen tikitinsu, ba da tsabar kuɗi ba. Dole a tara kuɗin tun kwana ɗaya kafin tafiya a zuba a katin mutum guda, in ba haka ba sai a tsaya a bakin ƙofa ana neman mai kati. Rangwamen ɗalibai kuma sai da katin makaranta na shekarar da ake ciki, wanda ya zo da na bara ko hotonsa a waya yakan biya cikakken farashin baƙo. Ranar Juma'a ba ta dace da masallatan tarihi ba, domin lokacin salla na raba ziyarar biyu, safiyar Asabar ta fi. Ayari in ya yi girma yana watsewa a lungunan Khan, shi ya sa muka koma rarraba shi ƙanana, kowanne da jagora da wurin haɗuwa da aka sanar tun a mota. Fitowar 'yan'uwa mata ta yi ƙaranci a tafiye-tafiyen da ke kaiwa dare, kuma sun faɗa mana dalili a fili: dawowa cikin cunkoson bayan magariba.

Littattafai da Ramadan

An je baje kolin littattafai na ƙasa da ƙasa na ƙarshen Janairu, wanda ake yi tun 1969, ya kuma koma unguwar Tajammu'ul Khamis a 2019. Mun shawarci mambobi su fara jin farashi a shagunan Darbul Atrak da ke bayan Azhar da kuma Surul Azbakiyya kusa da Ataba, don ba kowane littafi ne ya fi araha a bajen ba. A Ramadan an yi buɗa-baki na haɗin gwiwa da ɗaliban wasu ƙasashe, kowa ya kawo abincin gidansu, aka kuma bayyana wa sababbi al'adar Mawa'idur Rahman, teburan ciyarwa da ake shimfiɗawa a tituna don kowa.

Shekara mai zuwa

Za a mayar da ajin ammiyya safiyar Asabar, a dakatar da shi lokacin jarrabawa. Manyan ziyarce-ziyarce za a sa su tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin iskar khamasin mai ƙura da zafin bazara, kuma kowace za ta ƙare kafin la'asar. Gidan tarihin fasahar Musulunci na Babul Khalƙ, da bai samu ba bana, shi ne farko a jerin. Muna neman tsofaffin ɗalibai, musamman mata, su ba da sunayensu ga magatakarda don aikin rakiya kafin sababbi su fara sauka. Bayanin kuɗin shiga da na fita ma'aji zai karanta shi daban a babban taro.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani. Wassalam.

Kwamitin Gudanarwa