Wa yaro zai kai wa ƙara idan kocinsa ne mai laifin?

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in yi tsokaci a kan al'amarin da shafinku na wasanni bai cika taɓawa ba, wato cin zarafin yara a hannun masu horar da su. Na shafe shekaru ina koyar da motsa jiki a makarantar sakandare, saboda haka na san ikon da koci yake da shi a kan yaro: shi ke zaɓar wanda zai shiga fili, shi ke riƙe da takardun tafiya, kuma a hannunsa ake kwana a sansani, nesa da idon iyaye.

Abin da ya faru a Mali ya isa misali. A watan Yunin 2021 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ke zargin kocin tawagar ƙwallon kwando ta 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 18 da neman su da lalata, yana yi musu alkawarin gurbi a tawaga da kuɗi da kayan wasa. An kama shi, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, kuma ta ɗora wa lauyan nan ɗan Kanada, Richard McLaren, alhakin bincike, inda rahotonsa na watan Satumba ya nuna cewa wasu jami'an hukumar wasan ta ƙasar sun yi ƙoƙarin rufa-rufa. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yarinyar da ta fara fasa ƙwai ita aka ajiye, takwarorinta suka tafi gasar duniya a Hungary ba da ita ba. Duk yarinyar da ta ga haka ba sai an ce mata ta ja bakinta ba.

Kada a ɗauka 'yan mata kaɗai abin ya shafa. A Ingila a 2016 tsofaffin 'yan ƙwallo maza da dama sun fito fili sun faɗi cin zarafin da koci Barry Bennell ya yi musu suna yara.

A unguwanninmu kuwa, duk wanda ya mallaki usur da ƙwallo biyu ya zama koci, uba ya kai ɗansa ya ce "ga amana nan", ya juya. Mafi yawansu mutanen kirki ne, da dama ma daga aljihunsu suke saya wa yara takalma, amma ba a gina tsaro a kan kyautata zato kawai, musamman inda kunya ke hana yaro buɗe baki ko a gaban mahaifiyarsa.

Dokoki akwai su: Najeriya ta kafa dokar kare haƙƙin yara tun 2003, FIFA kuma ta fitar da tsarin kare yara a harkar ƙwallon ƙafa mai suna FIFA Guardians a 2019. Abin da nake nema shi ne mutum guda, wanda albashinsa ba ya hannun koci ko shugaban kulob, da yaro zai iya samunsa a asirce ba tare da ya rasa gurbinsa ba. Ina roƙon ku tura wakilanku hukumomin wasanni na jihohi su tambaya ko akwai irin wannan jami'i, sannan ku buga mana sunan ofishinsa da lambar wayarsa.

Naku,
Tsohon malamin motsa jiki, daga Zariya