Kafin ka taso gida bikin Disamba

Kano, 18 ga Nuwamba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya sanyin Landan? Na ji an sa ranar auren ƙanwarka a ƙarshen Disamba. Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Ka daɗe rabonka da hunturun gida, shi ya sa na ce bari in tuna maka wasu abubuwa tun da sauran lokaci.

Kada ka yanki tikitin da zai sauke ka ana gobe ɗaurin aure. In hazo ya yi kauri, jirgi ba ya iya sauka a filin Malam Aminu Kano, sai a ɗage tashinsa ko a karkatar da shi Abuja. Ka ba kanka ratar kwana uku. Kuɗin mota ma yana hawa daga tsakiyar wata, lokacin da mutanen Sabon Gari ke tafiya garuruwansu yin Kirsimeti. Ranakun 25 da 26 ga wata da 1 ga Janairu banki a rufe yake, don haka a ciri na kashewa da wuri.

Kowa yanzu Disamba yake kai bikinsa: an gama kaka, makarantu sun yi hutu, na nesa sun dawo. Teloli ba su da sararin numfashi. A shiga Kantin Kwari a wannan makon a ɗauko anko. Atamfa turmi ɗaya yadi shida ce, kaftani da wando yadi biyar, babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma. Wanda ya kai ɗinki saura mako biyu, ranar biki zai je karɓa ana ɗaura masa maɓalli.

Batun abinci, buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum kamar 300 idan hannu ɗaya ke zubawa. Inda ake yawan jin kunya shi ne waina. Ƙullun da yake tashi cikin awa huɗu da zafi, da sanyi sai ya kwana bai motsa ba, a toya ta fito da nauyi, cikinta danƙare. Ka gaya wa su Hajiya: ga kowane gwangwani huɗu na shinkafar tuwo a jiƙa awa shida, a haɗa da rabin gwangwani dafaffe a markaɗa. Yis cokali ɗaya a kwaɓa shi da ruwa mai ɗumi-ɗumi, domin tafasasshe kashe shi yake yi. A rufe robar da bargo, a ajiye kusa da murhu tun magariba. Da asuba, in ya yi tsami, a zuba masa ɗan ruwan kanwa. Kaɗan fa, in ta yi yawa wainar ta yi ja ta yi bauri.

Wanda ya fi damuna shi ne garwashi. Lalle ba ya saurin kamawa da sanyi, sai 'yan matan amarya su shigar da kasko ɗaki, su rufe ƙofa da taga, barci ya kwashe su. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum sai ciwon kai da jiri, daga nan ya kasa tashi. Don Allah a sa babba ɗaya ya zagaya ɗakuna kafin a kwanta, a fitar da kasko waje a yayyafa masa ruwa. Hita ta dafa ruwa ma kada a bar ta a jone in an ɗauke wuta, komai a bushe yake, gobara ba ta jira.

Yaranka sun saba da ɗaki mai na'urar ɗumama, nan kuwa da asuba sanyi kan sauka zuwa digiri 13, da rana ya kusa 30. Rigar sanyi mara nauyi da safa sun isa. Bushewar ce za ta ba su wuya: leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, wani har haɓo. A shafa musu man kaɗanya da zarar sun fito wanka, jiki da sauran lema.

In an watse biki, ka kai su kallon dambe da yamma, su ji kalangu da kirari da kunnensu. Ka turo awon kayansu kafin Juma'a a haɗa da na gida. Ka gaishe da maiɗakin, ka shafa mini kan yara.

Naka,
Amininka