Sanarwa: Neman shawara kan barin ofishin makaranta zuwa gidan renon yara

Assalamu alaikum ƴan'uwa mata na wannan rukuni, da fatan kun wuni lafiya, ya iyali?

An yi mini tayin aiki a wani gidan renon yara da ke unguwarmu, inda ma'aikata ke kai jarirai da ƙanana su wuni. Kun san aikina na ofishin makaranta: kuɗin makaranta, rajistar ɗalibai, haɗa sakamakon zango, ga rajistar WAEC da NECO da ke hana mu sakat. Na gaji da takardu, kuma zuciyata tana wajen yara tun da daɗewa.

Albashi ne ke sa ni jinkiri. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma wannan wurin ƙarami ne. Asusun fanshona nawa ne ko na tafi, amma idan sabon wurin aikin ba ya zuba nasa kason, ai zubin ya tsaya cik. Sannan hutun ƙarshen zango zai wuce ni, don iyaye ba sa daina zuwa aiki.

Amanar jariri kuwa ta fi ta fayil nauyi. Zazzaɓi, shaƙewa da abinci, faɗuwa, duk a wuyanki suke, shi ya sa nake son koyon taimakon gaggawa kafin na amsa.

Yayyena da suka taɓa wannan aiki, don Allah ku faɗa mini: yara nawa ake bar wa mace ɗaya, kuma me ya kamata na nema a rubuce? A turo mini ta gefe kafin Juma'a. Allah ya saka da alheri.