Sanarwa kan ƴan tsaki masu kasa tsayuwa

Assalamu alaikum ƴan uwa masu kiwo a Jidda. Ƙorafi kan ƴan tsaki masu gurguncewa ya yi yawa.

A fara duba ƙasan kwalin da suke ciki. Santsin jarida ko tayil ne ke sa ƙafafu su bubbuɗe, a shimfiɗa tsohon tawul. Wanda ya riga ya baje, a haɗa ƙafafunsa da filasta sako-sako, cikin ƴan kwanaki yakan miƙe.

Idan yatsu suka nannaɗe ciki, galibi ƙarancin bitamin B2 ne, gero zalla ba ya riƙe tsako. A sayo abincinsu, a zuba bitamin a ruwa.

Mai kashin jini ko murɗaɗɗen wuya kuwa, a ware shi yau, a nemi likitan dabbobi. Don Allah a daina ɗura musu maganin mutane.